Hayaƙi, Ɗan Tayi da Mas'alar Lamuni

Malaman fiƙihu, Allah ya jiƙansu, ba su jira jariri ya faɗo ya yi kukan fari ba kafin su buɗe masa babi a littattafansu. Tun yana cikin duhun mahaifa, bai san kowa ba, ba kuma wanda ya san kamanninsa, suka tabbatar masa da nasaba, suka halatta a yi masa wasiyya, suka hana magada raba tarikar mamaci har sai an sauka an ga abin da Allah ya kawo, wanda shi ne mashhurin zance a mazhabar Imamu Malik. Albarkacinsa aka yi wa uwarsa rangwame a azumin Ramalan, albarkacinsa kuma ake jinkirta mata haddi ko da laifi ya tabbata a kanta. Sa'ad da wasu mata biyu na ƙabilar Huzailu suka yi husuma, ɗaya ta jefi 'yar'uwarta har abin da ke cikinta ya zube, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hukunta a biya gurra, wadda aka ƙimanta da dinari 50 ko dirhami 600, kamar yadda duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya sani. Ke nan janini a wurinmu ma'abocin haƙƙi ne, wanda ya cuce shi kuwa akwai lamuni a wuyansa.

Sai dai in mutum ya lura, duk waɗannan hukunce-hukunce an gina su ne a kan hannun da aka sani: ga wadda ta yi jifa, ga abin da ta yi jifan da shi, ga shaidu. Zamanin nan kuwa ya zo mana da wata irin jinaya wadda makaminta ya gagari ido don ƙanƙanta, masu aikata ta sun gagari ƙidaya don yawa, mafi yawansu kuma ba su san sun yi jifa ba, balle su san wanda suka samu. Ina nufin hayaƙin da mai juna biyu take shaƙa, a madafa da bakin titi da gefen janareta, wanda a yanzu likitoci suka iya bin sawunsa har cikin jinin abin da take ɗauke da shi.

An daɗe ana ɗauka, har a tsakanin likitoci, cewa mabiyiya shamaki ce mai tace jinin uwa, ta bar abinci da iska su wuce, ta tare guba. Musibar maganin talidomaid ce ta fara rusa wannan zato, domin daga 1957 zuwa 1961 an sayar da shi ga masu laulayi a ƙasashe da yawa, aka haifi dubban yara da naƙasassun hannuwa da ƙafafu. Amma wancan magani ne da aka haɗiya da sani, an kuma san kamfanin da ya yi shi. A 2019 wasu masana na Jami'ar Hasselt ta ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin Farfesa Tim Nawrot, suka ɗauki mabiyiyar matan da suka haihu, wannan tsokar dai da ungozoma a wurinmu take wankewa a haƙa rami a binne, suka haska ta da hasken leza a ƙarƙashin madubi mai girmama ƙananan abubuwa, sai ga ƙwayoyin kunkunniya, irin baƙin da ke fita daga bututun mota da bakin murhu, sun ƙetare ɓangaren uwa sun zauna a ɓangaren da ke fuskantar ɗa. Ba su sami mabiyiya ko ɗaya da ta kuɓuta ba a cikin waɗanda suka duba, matan da unguwarsu ta fi hayaƙi kuwa abin da aka ƙirga a tasu ya kai ninki biyu na sauran. Bayan shekara uku, da haɗin gwiwar Jami'ar Aberdeen ta Sikotilan, aka ga irin ƙwayoyin nan a hantar ɗan tayi da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa tun a watannin farko na ciki, wato huhun da bai taɓa jan numfashi ba an riga an kai masa baƙi.

Kunkunniya ba ita kaɗai ba ce alamar da ake aunawa. Farfesa Frederica Perera ta Jami'ar Kolombiya ta shafe shekaru tana gwada jinin cibiyar jarirai, a birnin Niyok da Krakow ta ƙasar Folan da ƙasar Sin, tana neman wasu sinadarai da ake taƙaita sunansu da PAH, masu fita duk inda aka ƙona kwal ko itace ko man dizal bai ƙone sarai ba. In sun shiga jiki sai su manne wa DNA, zaren da aka rubuta gadon halitta a kansa, har a iya auna yawan mannewar. Akwai kuma iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce kuma take kashe iyalin da suka kwana da janareta a kunne a cikin ɗaki. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da 'yan kai, na ɗan tayi kuwa ya fi na uwarsa riƙe ta, ya fi shi jinkirin sakinta, ta yadda uwa za ta fito daga madafa jirinta ya washe alhali na ciki bai rabu da ita ba tukuna.

Alamar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta huɗu. A ƙarshen kowane zaren gado akwai wata kariya da ake kira telomiya, aikinta kamar na dajiyar bakin tabarma, tana hana saƙa warwarewa. Duk sa'ad da ƙwayar halitta ta rabu biyu sai ta ɗan ragu, don haka ta tsoho ba ta kai ta yaro tsawo ba. A 2017 masanan Hasselt ɗin nan suka auna jarirai 641, suka tarar duk ƙarin maikirogiram 5 na lallausar ƙura a kubik mita ɗaya ta iskar da uwa ta shaƙa lokacin goyon ciki yana tafiya tare da raguwar telomiyar jinin cibiya da kusan kashi 9 cikin ɗari, ta mabiyiya kuwa da kashi 13.

A nan wajibi ne a ja linzami, domin mai gaggawa zai ce ai ke nan Nasara sun auna ajali, wani mai gaggawar kuma ya ba shi amsa da cewa tunda an rubuta ajali babu ruwanmu da hayaƙi, kuma dukansu biyu sun kauce. Mun yi imani da abin da ya zo a hadisin Ibn Mas'ud, cewa ana aiko mala'ika ga janini ya rubuta arzikinsa da ajalinsa da aikinsa da makomarsa, wannan kuwa gaibi ne, babu madubin da zai karanta shi. Abin da likita ya auna sababi ne daga cikin sababai, kamar yadda yunwa da zazzaɓi suke. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa lamuni ba, domin matar Huzailu ba a ce mata ta tafi abinta ajalin ɗan ne ya zo ba, an hukunta biya. Sayyidina Umar ma, da ya isa Sargu a hanyar Sham aka ba shi labarin annoba, juyawa ya yi da jama'arsa, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa shiga da komawa duk a cikin ƙaddarar Allah suke, shi kuwa ya zaɓi wanda babu halaka a cikinsa.

To wannan shaida ta jini da mabiyiya, mene ne matsayinta a mizanin shari'a? A ganina ƙarina ce, irin wadda Ibn Farhun ya yi dogon bayani a kanta a Tabsira, wadda asalinta yake komawa ga rigar Annabi Yusuf da aka duba ta wace fuska ta yage. Ƙarfinta yana kan jama'a, rauninta yana kan mutum ɗaya, domin babu likitan da zai ɗauki bakwaini ko jaririn da aka haifa ba nauyi ya rantse hayaƙi ne ya yi masa haka, alhali ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙarancin jini, ga rashin abinci, ga ƙuruciyar uwa. Sai dai malaman usulu suna da hanyar gane illa wadda suke kira dawarani, wato a ga hukunci yana zagayawa tare da siffa, in ta samu ya samu, in ta kau ya kau, Allah kuwa ya nufa an ga haka fiye da sau ɗaya. A garin Tongliang, kusa da Chongqing ta ƙasar Sin, akwai tashar lantarki mai ƙona kwal wadda hukuma ta rufe a watan Mayun 2004; Perera da abokan aikinta sun auna jariran 2002 da na 2005, suka tarar mannewar PAH a jinin cibiya ta ragu a na baya, da aka gwada yaran suna 'yan shekara 2 kuma jinkirin motsin gaɓoɓi ya yi sauƙi a cikinsu. A birnin Beijin, lokacin wasannin Olimfik na 2008, an tsayar da masana'antu an rage motoci na 'yan makonni, sai jariran da watansu na takwas a ciki ya faɗo a wannan tsakani suka fi takwarorinsu na 2007 da 2009 nauyi da giram 23. Giram 23 ba kome ba ne a jikin jariri lafiyayye, amma in aka ɗebe shi daga kowane jariri na gari guda, waɗanda dama suke bakin gaɓa su ne za su faɗa.

Adalci kuma ya wajabta a kawo abin da bai zo yadda ake so ba. An yi wani babban gwaji da mata masu ciki 3,200 a Gwatamala da Indiya da Feru da Ruwanda, aka ba rabinsu murhun gas da gas ɗin kyauta, hayaƙin da suke shaƙa ya ragu ƙwarai, amma sakamakon da aka buga a 2022 bai nuna bambancin nauyin jarirai da za a kafa hujja da shi ba. Haka aka samu a Kintampo ta ƙasar Gana, ko da yake a can an ga cewa matan da ma'aunin da aka rataya musu ya nuna sun fi shaƙar kabon monoksaid su ne suka fi haihuwar marasa nauyi, an kuma ga cewa ko waɗanda aka ba gas ba su sami iskar da ake buƙata ba. A Ibadan kuwa, inda aka gwada murhun itanol da mata 324, hawan jinin masu ciki ya yi sauƙi. Abin da na fahimta daga wannan saɓani shi ne murhu ɗaya da aka kawo bayan ciki ya riga ya yi watanni, a gidan da maƙwabta suke hura itace gabas da yamma, ba ya isa ya tsarkake iska, domin iska ba ta san katangar kowa ba.

Yawan abin ne ya sa ba a iya kau da kai. Rahoton halin iskar duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa a 2019 jarirai kimanin 476,000 suka rasu a cikin watansu na farko ta sanadin gurɓatar iska, galibi ta hanyar haihuwa kafin lokaci da ƙarancin nauyi, kusan kashi biyu cikin uku kuwa hayaƙin girki ne. Nijeriya ce ta biyu bayan Indiya, da kimanin 68,000. Lissafi ne na ƙiyasi, ba a bi kaburbura an ƙirga ba, amma ko an raba shi biyu abin da ya rage ya isa a tambaya: jinin waɗannan a wuyan wa yake?

Magabata sun taɓa fuskantar mai kama da wannan tambaya, a mas'alar wanda ya mutu a cunkoso, ran Juma'a ko a wurin ɗawafi, jama'a suka tattake shi ba a san ƙafar wa ta kashe shi ba. Ibn Hajar ya kawo maganganu huɗu a Fathul Bari. Imamu Malik ya ce jininsa ya tafi a banza, babu diyya, domin ba a kama mutum da laifin da ba a tabbatar shi ya yi ba. Imamu Shafi'i ya ce waliyyinsa ya nuna wanda yake tuhuma ya rantse. Hasanul Basari ya ce diyyar tana kan duk wanda ya halarci wurin, tunda da aikinsu ya mutu. Is'haƙ ya ce baitulmali ne zai biya, domin Musulmi ne da ya mutu ta aikin jama'ar Musulmi.

Ni a Malikiyya na tashi, kuma ina ganin hikimar maganar Imam: tsare dukiyar mutane daga zato shi ma maƙasudi ne na shari'a. Amma hukuncinsa yana magana ne a kan abin da alƙali zai karɓa daga hannun wani ayyanannen mutum, bai ce babu alhaki a wurin Allah ba, kuma cunkoson da yake nufi abu ne na fuj'a, ya auku sau ɗaya ya wuce. Cunkoson hayaƙi kullum ne, an san da shi, yana kuma da masu tsaron ƙofa. Akwai mai ba masana'anta izinin zama a tsakiyar gidaje, akwai mai sa hannu a kan irin man da zai shigo ƙasa. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man dizal da ake sayarwa a ƙasashen Afirka, ta sami wanda farar wutar da ke cikinsa ta ninka haddin Turai sau 378, a lokacin da dokar Turai ta tsaya a kashi 10 cikin miliyan, ta Nijeriya kuwa tana halatta 3,000. Wanda ya haɗa wannan mai da wanda ya yarda a shigo da shi sun san abin da ke ciki, saboda haka ba su da rabo a uzurin wanda taro ya ingiza ya taka ɗan'uwansa. Maganar Hasan kuwa tana da amfani ga zuciya, domin mai janareta da ɗan acaɓa da mai ƙona shara a ƙofar gida duk sun halarta, ni ma na halarta. Sai dai in aka raba alhaki daidai tsakanin mai matatar mai da matar da ke hura wuta a murhun duwatsu uku, an yi zalunci da sunan daidaitawa. Zancen Is'haƙ ne ya fi dacewa da wannan mas'ala, da sharaɗin a fahimci cewa abin da ke kan baitulmali a nan ya fi kusa da tunkuɗe cutar tun ba ta auku ba, ta hanyar wutar lantarki mai ɗorewa da gas mai araha da dokar mai wadda ake zartarwa, domin jaririn da aka binne kafin ranar suna babu diyyar da iyayensa za su nema.

Malamanmu ba baƙi ba ne ga shari'ar hayaƙi. Shaihu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema idan suna cutar da maƙwabci. Ibnur Rami, magini ne a birnin Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai suke aikawa ya duba musu rigingimun gine-gine, ya raba hayaƙi gida biyu a littafinsa: na gidan wanka da gidan burodi, wanda ake hanawa, da na tanderun gida da madafa, wanda ake haƙuri da shi domin babu makawa daga gare shi. Abin lura shi ne hayaƙin da aka yafe shi ne yau lissafi ya ɗora wa kaso mafi girma. Ba aibi ba ne ga Ibnur Rami, domin ya yi hukunci da abin da ido yake gani, bangon da ya yi baƙi da maƙwabcin da ya kawo ƙara, janini kuwa ba ya kai ƙara. Rangwamen nasa ya tsaya ne a kan ƙafa biyu, lalura da sauƙin cutar. Lalura tana nan ga talaka, amma sauƙin cutar shaidar mabiyiya ta raunana shi.

Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki wannan ilimi a sauke shi a kan wadda ta fi kowa rauni, a ce wa mai ciki ita ta cuci ɗanta, alhali ba ita ta zaɓi makamashi ba, ranar girkinta kuma ba ta da ikon cewa ba za ta shiga madafa ba. Fiƙihu ya riga ya faɗi wanda abin yake kansa: a babin nafaƙa, Halilu ya lissafa itacen girki tare da ruwa da mai da gishiri a cikin abin da ake wajabta wa miji, gwargwadon wadatarsa da al'adar gari. Magidancin da ba shi da hali, Allah bai kallafa masa abin da ba zai iya ba, amma yana iya kawo busasshen itace maimakon ɗanye, ya fitar da murhu fili ko ya buɗe wa madafa taga, ya nemi abokiyar zama ko wata 'yar'uwa ta karɓi wuta tun daga watannin laulayi, domin al'adar mayar da mai cikin fari gidan iyayenta goyon ciki sai ciki ya tsufa ake yin ta, baƙin kuwa tun da wuri yake shiga. Haka kwanakin jego, da ake ta dafa ruwan wanka safe da yamma, ba dole ne jariri ya kasance kusa da wutar ba. Mai hali kuwa, wanda ya sauya babur ya sauya waya amma ya bar matarsa da ciki tana hawaye a kan ɗanyen itace, in ta zo gaban alƙali da takardar likita tana neman murhun gas a cikin nafaƙarta, a garin da tsararrakinta suke girki da gas, ban ga abin da zai hana alƙali ya hukunta mata ba, tunda nafaƙa tana bin al'ada, kawar da cuta kuma ƙa'ida ce da mazhabobi huɗu suka haɗu a kanta.